Ƙunshin Baba Illo

Litinin, 10 ga Mayu 1971, bayan la'asar

Jakar Maraɗi ta iso. Mushe Bala, shef ɗina, wato shugabana, na babban gidan waya, shi ya kawo ta a bayan mobilet kamar kowace Litinin, sai dai yau ya ɗaure hanci da ƙyalle kamar mai yashe salga. Bai zauna ba, bai nemi furar Inna ba. Ya ce, "Ɗan Azumi, ka kula da kanka, garinku ana magana," ya tayar da mashin.

Wasiƙu kaɗan ne, yawanci na 'yan ci-rani. Sai ƙunshi guda, an naɗe shi da takarda mai kauri an ɗaure da igiya, tambur ɗinsa da rubutun Larabci. Sunan da ke kai: Illo masunci, Garin Illo, bayan tabkin Madarumfa. Takardar duwan, wato kwastan, ta ce farin ƙyalle ne. Ko ba ta faɗa ba na sani, kowa ma ya sani. Tun bara tsohon nan yake cika mana kunne cewa ɗansa Shu'aibu, wanda ya tafi gabas a ƙasa ya zauna ɗinki a Makka, ya yi masa alkawarin likkafani da aka tsoma a Zamzam. Duk zuwan da na yi sai ya tare ni tun daga bakin shinge: "Kai ɗan mahauta, ina rigata ta tafiya? Ko kun yanka ta kun sayar tsire?" Ni kuma in ce masa mai ƙarnin kifi ina shi ina Zamzam. Wasanmu ne na gado, ubana mahauci ne shi masunci.

To ga rigar tafiya ta zo. Da a wata shekarar ce da yanzu ina kan keke. Gobe in sha Allahu.

Talata, 11 ga Mayu, azahar

Na raba na cikin gari. Na ɗaura ƙunshin a bayan keke na kama hanyar tabki, na kai tsamiyar da hanya ke rabuwa. Sarƙa tana ƙara. Na dawo.

Sarƙar nan tun Babbar Salla take ƙara, ban taɓa dawowa saboda ita ba. Wannan a kayena, littafin kaina, nake rubutawa, ba wanda zai karanta.

Alhamis, 13 ga Mayu, bayan magariba

Gambo tela ya tafi. Jiya da safe muka yi gardama da shi a kan kuɗin tambur, yana dariya yana cewa gwamnati ta fi ɓarawon dare. Yau kafin la'asar an rufe shi. Na leƙa ta ƙofa lokacin da ake fito da shi. Mutum mai ƙiba, amma kamar an matse tsumma. Amai da gudawa, yini ɗaya. Sau ɗaya zan rubuta sunan abin nan, ba zan ƙara ba.

An ce daga bayan tabki ya taso. An ce Garin Illo gida huɗu ba a hura wuta. An ce, an ce. Kumanda mai mulkin yankin ya hana kasuwa ci, jandarma sun gitta itace a hanyar tabki, an rufe iyaka a Ɗan Isa.

Na sa matata Rabi da yara a amalanken jaki zuwa Safo wurin iyayenta. Inna ta ƙi. Ta ce, "Ni da ke wanke matan garin nan in sun mutu, in na tahi wa za ya wanke su? Kai?" Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan farinta. Tun da aka ba ni hular aiki take ce mini Mai-hula. Na ce ta riƙa dafa ruwa, ta ce to, Mai-hula, ta ci gaba da tsinkar zogale.

Asabar, 15 ga Mayu, hantsi

Balaraba ta zo, ɗiyar Baba Illo, mai suyar kifi. Ta girme ni, tun mijinta ya rasu ta koma gidan uban. Ta zago ta cikin gonaki don kada jandarma su mayar da ita. Ina hango ta na rufe ƙofar biro, ofishinmu na waya, na buɗe taga.

"Malam Ɗan Azumi, ina kwana. An ce saƙon Baba ya iso."

"Lahiya lau, Yaya Balaraba. Wa ya ce?"

"Direban Maraɗi. Baba bai yi barci ba don murna. Ya ce in karɓo."

Sai na gyara hula na karanta mata doka. Wallahi na iya ta kamar Fatiha. Bara aka aiko mana da ita daga Yamai, bayan mutane sun gaji da kukan saƙonni na ɓacewa a hannun direbobi da zaurukan masu gari. Gaɓa biyu gare ta. Ta farko: duk ɗan ƙasa, ko a bukka yake a tsakiyar daji, yana da haƙƙin saƙonsa ya same shi inda yake, ma'aikacin waya ne zai kai masa, kuɗin tambur ɗaya da na mai gidan bene a Yamai. Ta biyu: ƙunshi mai rajista ba a ba kowa sai mai shi, hannu da hannu, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban ma'aikaci. Saboda gaɓar farko aka ba ni keke da hula. Na sha tsayawa a kasuwa ina fassara ta da ƙarfi, ƙirji a gaba.

Yau gaɓa ta biyu kawai na karanta wa Balaraba.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "To ai shi ke nan, kai za ka kawo." Na ce ƙwarai, gobe ko jibi. Ta ce Allah ya kai mu. Ta tambayi Inna, ta juya.

Na wanke bakin tagar da jan maganin da likita ya raba. Ko taɓa ta ba ta yi ba.

Lahadi, 16 ga Mayu, safe

Ba a aiki ranar Lahadi. Wannan ma doka ce.

Litinin, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Mushe Bala ya ga ƙunshin a kan kanta. Ya ce me ya hana? Na ce jandarma sun tare hanya. Na ƙara da cewa ɗiyarsa ta zo karɓa na hana ta. Sai ya dafa kafaɗata, shi da ba ya son taɓa kowa kwanan nan, ya ce, "Madalla! Da irinka muke da su ko'ina da an huta. Wani can yamma ya ba ƙanen mai saƙo rediyo, yanzu yana gida yana noma." Ya ce zai ambaci sunana a rahoto.

Na ce na gode, Mushe. Har da rusunawa.

Da ya zage ni da na ci tuwo yau.

Laraba, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Ruwan farko ya sauka jiya, rufin biro ya zuba daidai kanta. Na kawo ƙunshin gida na tura ƙarƙashin gadona. Na gaya wa kaina don kada ya jiƙe ne, kuma gaskiya ne. Gaskiya ce kuma cewa na gaji da ganinsa kullum yana kallona.

Ashe na ƙara wa kaina. Wani ƙamshi yake yi, kafur ne ko wani turaren can, ya cika ɗakin. Inna ta shigo shara ta tsaya da tsintsiya a hannu. Mai wankan gawa za a ɓoye wa ƙamshin likkafani? Ta ce, "Na wane ne?" Na ce kayan gwamnati ne. Ta ce, "Gwamnati ta mutu?" Ta duƙa ta jawo shi, ta shafa takardar, ta mayar. "Na Illo ne. Mai-hula, wannan kaya ba ya kwana gidan wani."

Na ce gobe. Na ɗaga mata murya ma, Allah ya yafe mini, na ce ta bar shiga aikin da ba ta sani ba.

Juma'a, 21 ga Mayu, bayan an sauko

Balaraba ta dawo. Wannan karon ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba. Idonta ya faɗa, zanenta duk laka.

"Baba ya kwanta tun daren jiya."

Na ce subhanallahi, Allah ya sawwaƙe, a kai shi likita mana. Ta ce ya ƙi, ya ce a ɗakinsa zai jira. Ruwan ma ba ya tsaya masa. Ba ya tambayar kowa sai ni.

"Ya sa mun juya mishi tabarma ta kalli hanya. Ya ce in ya ji ƙararrawar keke a tashe shi zaune."

Keke ɗaya ne ke zuwa Garin Illo.

Na fara cewa doka, ta ɗaga hannu. "Na ji doka rannan. Ga shawara. Ba ni takardar da tawadar, in tahi in dangwala yatsanshi in maido maka kahin magariba. Ka riƙe ƙunshin har in dawo. Ba wanda za ya sani."

Hanya ce mai kyau. Ko Mushe Bala ba zai bambance ba, yatsan Illo ne dai na gaskiya. Amma abin da na gani a idona shi ne takardar nan ta shiga ɗakin, ta taɓa hannunsa, ta dawo ta taga ta shiga hannuna, daga hannuna zuwa akushin da muke ci da Inna. Na ce tawadar gwamnati ba ta fita biro sai a jakar ma'aikaci. Ban san daga inda na samo wannan ba, ba ya cikin kowace doka. Na ce ta je, da sassafe ina nan tafe, wallahi tallahi.

Ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da sauƙi. Ta kwance bakin zane ta ajiye ƙullin busasshen kifi a kan taga.

"Tun shekaranjiya ya ce in kawo ma ɗan mahauta, ya ɗanɗana abincin mutane."

Da ta tafi na sa sanda na ture kifin cikin kwali. Ina da shekara talatin da wani abu, yau na yi kuka a biron gwamnati, kuma kukan bai sa na hau keke ba.

Asabar, 22 ga Mayu, hantsi

Na tafi. Allah shaida ne na tafi. Na yi asubanci, na ɗaura ƙunshi, na sa tawada a jaka, na wuce tsamiya, na kai itacen jandarma. A raina ina roƙon su kore ni.

Jandarman na ganin hulata ya miƙe ya ɗage itacen. Ya ce, "Wuce, mai waya. Ku da likita an ce kada a tsayar da ku." Har da sara mini.

Daga nan ana hango rufin Garin Illo, ana hango kwale-kwale a kife bakin ruwa. Wasu mutum biyu suka fito daga wani gida ɗauke da abu a tabarma. Ban taka feda ba. Na ji bakina yana cewa ai gaisuwa kawai na zo yi musu, sannunku da aiki. Jandarman ya dubi ƙunshin da ke bayana, ya dube ni, ya sauke itacensa a hankali.

Ban buga ƙararrawa ba. Na riƙe ta da hannu har gida don kada gargada ta sa ta yi ƙara.

Lahadi, 23 ga Mayu, bayan azahar

Inna ta dawo daga wankan gawa na biyu yau, ta wanke hannu da toka da jan magani kamar yadda na roƙe ta. Ta leƙa ɗakina, ta shaƙi iska. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin ƙofa tana taunar goro, can ta ce, "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Na ce don ita nake yi, don kada in kwaso mata. Ta yi dariya har ta ƙware. "Ni? Ni da hannuna ke cikinshi tun safe? Nemi wani ka jingina, Mai-hula, kada ka jingina da ni."

An ce tsoro na daji, kunya ta gida. Ni duka biyun a gado ɗaya muke kwana.

Gobe jaka za ta zo, ba zan iya barin biro ba. Talata.

Talata, 25 ga Mayu, safe

An ce Baba Illo ya cika jiya da hantsi.

Laraba, 26 ga Mayu, magariba

Ban buɗe biro ba. Kwalin kifi yana nan. Inna ta ajiye mini tuwo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Tun jiya ba ta ce mini Mai-hula ba, ba ta ce mini komai ba.

Alhamis, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Yau na je. Yau da ba ta da amfani, ƙafa ta taka feda lafiya lau, sarƙa ko ƙara. Jandarman nan ne dai, ya ɗage itace bai sara ba.

Garin shiru. Taru a rataye, ba hayaƙin banda. Na sauka daga keke tun nesa na tura shi. Maza uku a zaune a ƙofar gidan kan tabarma, na durƙusa na yi ta'aziyya, suka amsa suna kallon bayan kekena. Wani dattijo ya ce, "Ashe ya iso." Ya sa aka kira Balaraba.

Ta fito. Na ce Yaya, ya haƙuri. Ta ce haƙuri sai ma'aiki. Na kwance ƙunshin na miƙa da hannu biyu. Na shirya magana tun daga tsamiya, sarƙa, jandarma, ruwan sama, ko ɗaya ba ta fito ba. Abin da ya fito shi ne, "A me aka sa shi?" Kai, Ɗan Azumi, wane irin baki ne da kai!

Ta ce, "Babu ƙyalle ko a Madarumfa, an ce tun da aka rufe iyaka. Muka farke farar rigarshi ta Idi, ba ta kai ba. Muka ƙara da buhun fulawa biyu, na wanke su da toka. Rubutun bai fita duka ba."

Ba ta faɗa don ta soke ni ba, tambaya na yi ta amsa. Ta ce har ranar Lahadi da yamma yana cewa a yi shiru, kamar ya ji ƙararrawa. Da safe ya ce, ɗan mahauta ba ya saɓa alkawari, sai dai in wani abu ya same shi, a je a duba ko lahiya.

A je a duba ko ni lafiya.

Na fito da takarda da tawada, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. A aikinmu mu ke kama yatsan mutum mu danna a tawada mu mirgina a takarda, don mutanen ƙauye kan dangwala da ƙarfi ya dame. Na miƙa hannu zan kama nata. Ta janye. "Bari, Malam, kada ka kwasa." Ta dangwala da kanta, ya dame.

Ta ɗauki ƙunshin ta shaƙi ƙamshinsa ta cikin takarda, ta daɗe a haka. Ta shiga gida. Na ci gaba da durƙuso har dattijon nan ya ce rana na yi, Malam.

Litinin, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Mushe Bala ya ga yatsa a takarda ya ce bravo. Na ce, Mushe, ba na mai shi ba ne, na ɗiyarsa ne, shi ya rasu kafin in kai. Na tsaya ina jiran abin da zai biyo. Ya ce, "Ayya, Allah ya jiƙansa. Ai ba komai, in mai saƙo ya mutu magaji na karɓa, ka samo shaidar mai gari ka liƙa." Ya rufe jaka.

Na ce, Mushe, hanya a buɗe take tun farko, ni ne ban je ba. Ya dube ni ta saman ƙyallen hancinsa. Ya ce, "Ban ji ba. Ni ma ina da 'ya'ya." Ya hau mobilet.

Ashe ba mai hukunta ni. Na so a karɓe hular nan, an bar mini ita.

Alhamis, 3 ga Yuni, safe

Inna ba ta fito alwala ba.

Juma'a, 4 ga Yuni, azahar

Na goya ta zuwa likita, ba ta kai nauyin jakar Litinin ba. Mutane a kwance har ƙarƙashin itacen bedi. Ruwan da ake ɗaurawa ya ƙare, ana jiran mota daga Maraɗi. Ni nake riƙe mata ƙwarya, ni nake wanke zane, hannuna tsamo-tsamo. Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Ina tsoron ya tafi? Me ya sa bai tafi tun mako biyu da suka wuce ba?

Ta buɗe ido ta ce, "Ka kai?" Na ce na kai, Inna, tun rannan. Ta ce, "Bayan." Na ce bayan. Ta rufe ido.

Asabar, 5 ga Yuni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Litinin, 7 ga Yuni, hantsi

Sai yau na iya riƙe alƙalami. Zan rubuta yadda aka yi, don kada wata rana in gyara wa kaina labarin.

Da asuba ta cika. Muka dawo da ita gida a amalanke. Na fita neman ƙyalle. Na buga ƙofar duk mai tebur a garin nan, na je gidan Gambo tela ko ya bar saura, matarsa ta ce shi ma a zanen gado aka sa shi. Wani ya ce in hau keke zuwa Maraɗi, wani ya ce can ma sai wanda ya san wani, kuma likita ya ce kada gawa ta wuce azahar. Matar da ta suturta rabin matan Madarumfa. Na dawo na buɗe akwati na fito da farar rigata ta aure, na nemi reza. Maƙwabciyarmu ta ce tana da buhun fulawa, in ina so. Na ce ina so. Na zauna a tsakar gida ina farke ɗinki, ina cewa a raina daidai ne, Ɗan Azumi, abin da ka auna ne aka auna maka, sai dai ba kai aka zuba wa ba.

Ga wata kuma: ba mai wanka. Matan unguwa suna zaune a zaure suna salati, kowace na kallon 'yar'uwarta. Ban ga laifinsu ba. Ni ne zan ga laifin mai tsoro?

Rana ta ɗaga sai na ji sallama. Balaraba ce, ƙafa duk laka har gwiwa, ƙunshi a ka. Takardar nan ce dai mai tambur ɗin Larabci, an kwance igiyar an sake ɗaurewa. Masu kawo kifi suka kai labari bayan tabki.

Na miƙe, rezar ta faɗi. Na ce, "A'a, Yaya. A'a. Wallahi ba zan iya ba."

Ta ce, "Ba kai na kawo ma ba."

Na ce na Baba ne, na gidanku ne, ki ajiye wa kanki. Ta ce ta yi niyyar haka, amma ita da sauran shan ruwa in Allah ya so, kuma Innata Ɗelu ce ta wanke uwarta shekarun baya, ba ta karɓi ko goro ba. "Ƙyalle ya taho tun daga Makka, ya kwana gidan nan ya san ɗakin. Ashe mai shi na nan."

Na kasa ɗaga hannu. Sai ta sauke ƙunshin, ta kamo hannuna na dama, wannan hannun da na hana ta a taga, ta buɗe tafin ta ɗora shi a kai, ta kamo na hagu ta rufa.

"Hannu da hannu, haka dokarku ta ce. Kai mata. Ba sai ka dangwala ba."

Ta nemi ruwa da ganyen magarya, ta ɗaure zane, ta shiga ɗakin. Da matan zaure suka ga haka biyu suka tashi suka bi ta. Ƙyallen ya isa har ya yi saura. Ƙamshin nan da ya hana ni barci shi ya raka Inna har kushewa.

Ba ta tsaya cin abinci ba. Ta ce akwai marasa lafiya can.

Laraba, 9 ga Yuni, magariba

Na kai wasiƙu bayan tabki. Guda biyu ne kawai. Na buga ƙararrawa tun daga itacen jandarma, yara suka fito. Na tsaya a kan kabarinsa, ban iya cewa komai ba sai Ƙulhuwallahu.

Na ci kifin.

Asabar, 12 ga Yuni, bayan azahar

Balaraba ta zo biro. Na buɗe ƙofa na ba ta kujera. Ta ce in rubuta wa Shu'aibu, har yanzu bai san uban ya rasu ba. Na ɗauko takarda. Ta faɗi gaisuwa, ta faɗi rasuwar da ranarta, ta lissafa waɗanda suka tafi a garin, ta ce gero ya tsiro. Sannan ta ce, "Rubuta, saƙo ya iso."

Na rubuta. Na jira. Ta fara kwance bakin zane za ta biya tambur.

Na ce, "Shi ke nan, Yaya? Zai ɗauka a ciki aka sa Baba."

Ta ce, "Za ya ɗauka." Ta fito da kuɗin. "Ni iyakar abin da bakina ke iya faɗa ke nan. Sauran kai ka san shi. In ka ga dama ka ƙara, in ba ka ga dama ba ka liƙe. Ni ban iya karatu ba."

Ta ajiye kuɗin a kanta ta tafi.

Takardar na gabana, rabinta fari. Mutumin nan ya tara kuɗin allura da zare, ya tsoma ƙyalle a Zamzam ya shanya a rana, ya ba gidan waya amana. In na liƙe haka zai yi barci da daɗi har ƙarshen ransa, ni ma ba mai tambayata. Jaka sai Litinin za ta tashi, ina da gobe.

Na ja layi a ƙarƙashin maganarta. Na rubuta: Daga nan ni ne Ɗan Azumi, ma'aikacin waya, nake magana. Ƙunshinka ya iso hannuna ranar Litinin, goma ga Mayu, mahaifinka yana da rai da lafiya.